Finjalin Da Aka Cika Wa Rahaf

Shafi na 19

*Na ga saƙonninku, masu zagin Nidal da masu kare shi. Kowa ya ajiye dutsensa tukuna, ya karanta wannan.*

Kwana ashirin da shida ke nan.

Rahaf ba ta ƙirga su da baki, amma jikinta ya sani. Ranar da ta hawo matakalun unguwar nan ta birnin Salt, akwati ɗaya a hannu, idanu a kumbure, abin da ta ce wa aminiyarta Suhair shi ne, "Kwana uku kawai, Susu. Kafin nan Nidal ya zo biko."

Kwana uku suka wuce, mako ya bi bayansu, wani makon ya biyo. Mijin nata bai zo ba, bai aiko ba, bai kira ba. Ita kuma ta rantse ba za ta fara kira ba.

Da hantsin ranar ta ashirin da shida, tana zaune a bakin taga inda ta saba zama tana kallon hanya, Suhair ta leƙo.

"Roro, Goggo ta ce mu hau sama mu sha gahawa."

"Har da ni?"

"Da sunanki ta faɗa."

Rahaf ta ji wani sanyi ya ratsa ta. Hajja Nofa, surukar Suhair, ita ce mai gidan gaba ɗaya, tana zaune a bene, ɗanta Mu'ayyad da amaryarsa a ƙasa. Tun zuwan Rahaf, gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Yau kuma ga gayyata. Ta gyara ɗankwali, har da ɗan murmushi, ta bi bayan ƙawarta.

Sun tarar da maƙwabciya Ummu Laith ta baje a kan doguwar kujera tana cire ƙwallon dabino.

"Lale da amare!" in ji Ummu Laith. Sai ta ƙara buɗe ido. "Au, baƙuwarmu tana nan ashe? Wallahi na ɗauka kin daɗe da komawa gidan mijinki a Zarƙa."

"Ina nan, Inna," Rahaf ta ce a hankali.

"Ina za ta?" Hajja Nofa ta amsa daga ƙofar kicin, butar gahawa a hannun hagu, finjalai a dama. "Ai ta zama 'yar gida. Kyanwar gidan ma ta daina gudunta."

Ummu Laith ta yi dariya har ƙirjinta na rawa.

"To shi angon fa, ina ya kwana biyu?"

"Ga gadonsa nan kina zaune a kai. Ɗaki ɗaya da falo gare su, bayi ɗaya, yaya namiji zai yi da baƙuwa mace? Sai ya kwaso filo ya dawo min. Wata takwas da aure, Ummu Laith. Ina zaune ina jiran jika, sai aka dawo min da uban jikan yana min minshari a falo."

"Goggo..." Suhair ta ce, murya can ƙasa.

"Me na ce? Hira muke yi."

Ta fara da Ummu Laith. Ɗan kaɗan a gindin finjali, kurɓa uku. Ta zuba wa Suhair, haka. Sannan ta tako gaban Rahaf, ta ɗaga butar.

Gahawar ta sauko siririya, mai ƙamshi.

Ta kai inda ya kamata ta tsaya.

Ba ta tsaya ba.

Ta kai rabi. Rahaf tana kallo, tana cewa a ranta hannun tsufa ne, yanzu za ta ɗauke. Ta wuce rabi. Ta taho har baki, har ta yi tozo tana rawa, ɗigo ɗaya ya gangaro ta gefen finjalin ya sauka a kan darduma.

"Bismillah, 'yata," in ji Hajja Nofa.

Ummu Laith ta tsaya da dabino a bakinta.

Babu yarinyar da ta tashi a ƙasar nan da za a yi wa bayanin wannan. Wanda ake so ya zauna, kaɗan ake zuba masa, don a ƙara, a sake ƙarawa, hira ta yi tsawo. Wanda aka cika wa kuwa an gama da shi. Shanye, ka kama hanya.

"Goggo, don girman Allah!" Suhair ta miƙe tsaye. "Ba ni nan, ni zan sha."

"Zauna. Ba ke na miƙa wa ba."

Rahaf ta sa hannun dama ta karɓa. Finjalin ba shi da mariƙi, zafin ya kama yatsunta nan take, amma ba ta sake shi ba. Ta kai baki. Ta shanye shi tas a tashi ɗaya, yana ƙona harshenta, yana ƙona maƙogwaronta, yana sauka a ƙirjinta kamar garwashi. Hawayen da suka cika mata ido ta bar su a matsayin na zafin gahawa.

Ta miƙa finjalin.

"Allah ya raya gida, Hajja. Na gode da karamci."

Tsohuwar ta kawar da kai. Muryarta ta ɗan yi laushi, amma ba ta janye ba.

"A gidan ubana, 'yar nan, baƙo yana kwana uku ba a tambayi ko sunansa ba. Na ba ki ukun. Na ƙara miki uku sau bakwai, har da ɗoriya. Ban ƙi ki ba, Allah ya gani. Amma ɗana ma mutum ne."

Rahaf ba ta san yadda ta sauko matakalar ba.

*

Ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gadon, gadon amarcin Suhair da ta kwana ashirin da shida a gefen da ba nata ba. Ta shiga cusa kaya ba ninki.

Suhair ta shigo da gudu ta rufe ƙofa.

"Roro, ajiye. Ajiye na ce! Ba ki san Goggo ba ne? Anjima za ta aiko miki da tuffa tana ba ki haƙuri."

"Gaskiya ta faɗa."

"Gidana ne nan!"

"Gidan ɗanta ne. Ni ce makauniya. Kullum ina ganin Mu'ayyad yana shigowa ɗaukar riga kansa a ƙasa kamar ɓarawo, yana sallama sau uku a ƙofar ɗakinsa. Ina gani, Susu. Ina gani ina yin kamar ban gani ba, don ba ni da inda zan sa kaina."

Sai hannunta ya tsaya a kan wata riga shuɗiya, wadda Nidal ya saya mata a makon farko na aurensu. Ƙarfin halin da ta ɗauko daga bene ya zube gaba ɗaya. Ta durƙushe a gaban akwatin.

"Ina zan je?"

Suhair ta sunkuyar da kai.

"Ki faɗa min, ina zan je? Baba ya rasu, Umma ta bi shi, yayana yana wata ƙasa ko wayata ba ya ɗauka. Kin san abin da Nidal ya ce min a gaban 'yan uwansa mata. Wai in yi fushin in gani, wa gare ni da zan je wurinsa. Shi ya sa na fito, don ya san ina da ke. In na koma da ƙafata ba wanda ya zo ya ɗauke ni, har in mutu ba zan ƙara ɗaga kai a gidan nan ba."

Ta kamo gefen rigar Suhair.

"Ki roƙar min ita. Zuwa Juma'a kawai. Zan kwana a kicin, zan kwana a kan soro, Mu'ayyad ya dawo ɗakinsa. Nidal ba ya aiki ranar Juma'a. Jikina yana ba ni wannan Juma'ar zai zo. Na san shi, Susu, zuciya ce da shi amma ba ya iya cin abinci shi kaɗai. Zuwa Juma'a..."

"Ba zai zo ba."

Rahaf ta ɗago.

"Me kika ce?"

Suhair ta jingina da ƙofa. Fuskarta ta yi fari fat.

"Ba zai zo ba, Rahaf. Ya riga ya zo."

"Wa?"

"Nidal."

"Ya zo ina?"

"Nan."

Rahaf ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Bar wasan nan, yau ba ranarsa ba ce."

"Ranar da kika cika kwana uku. Bayan la'asar. Kin yi kuka har barci ya ɗauke ki. Ya tsaya a bakin ƙofar waje da kwalin kunafa a hannu, kayan zaƙin nan."

"Kunafa..."

"Na kalle shi, ya sha aski, ya sa turare, yana murmushi kamar wanda ya zo ɗaukar kaya a wurin mai wanki. Na tuna yadda kika shigo min. Raina ya ɓaci. Na ce a raina, kwana uku da kwalin zaƙi, shi ke nan kuɗin maganar da ya faɗa miki? Na ce masa ba ki huce ba, ya je ya dawo."

Rahaf ta miƙe a hankali, tana dafa gado.

"Ya dawo?"

Suhair ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Rana ta takwas. Da kawunsa ya zo, wani dattijo mai sanda. Goggo ta tafi gidan 'yarta, Mu'ayyad ya sauke su a falon sama. Ke kina kan soro kina shanya."

"Na ji ƙarar motarsa." Muryar Rahaf ta koma kamar ta mai magana cikin barci. "Na sauko da gudu, ƙafata ba takalmi. Kika tare ni a matakala. Kika ce min mai sayar da gas ne."

"Roro..."

"Kika ce min mai gas ne, har kika yi min dariya. Kika ce soyayya ta toshe min kunne."

"Ki saurare ni..."

"Bango ɗaya ne tsakanina da shi?"

"Mu'ayyad ya zuba musu gahawa. Dattijon ya ajiye tasa a ƙasa, Nidal ma ya ajiye. Suka ce ba za su sha ba sai an ba su abin da suka zo nema. Mu'ayyad ya kira ni gefe ya ce in je in tambaye ki. Shi ba zai iya ba, kin sani, yaya zai dubi baƙuwarsa ya ce ga masu ɗaukarki sun zo? Kamar kora ce."

"Kika tambaye ni?"

Suhair ta kau da kai.

"Suhair. Kika tambaye ni?"

"Na tsaya a matakala na ƙirga ɗari. Na koma na ce kin ce ba kya son ganin fuskarsa."

Rahaf ta kai hannu ta dafe maƙogwaronta, daidai inda gahawar ta ƙona ta.

"Na ɗauka zai dawo karo na uku! Wallahi tallahi haka na ɗauka! Na ce ya sha wuya kaɗan, ya san darajarki, ya zo da dattawa goma ya durƙusa. Don ke na yi, Roro. Ba ki ga yadda kike ba ne a lokacin. Da ya ce miki taho, da kin bi shi kamar tunkiya, gobe ya sake faɗa miki wadda ta fi ta."

"Da na bi shi."

"Na sani!"

"Da na bi shi, mijina ne. Wuyar tawa ce, ba taki ba. Wa ya ba ki?"

Suhair ta zame ta zauna a ƙasa.

"Suka tashi suka bar gahawar ta huce a finjali. Mu'ayyad ya ce musu baƙuwarsa ce ke, ba ya miƙa baƙuwa ga wanda ba ta so. Har yau bai san ƙarya na yi ba. Har yau."

Rahaf ta juya tana lalube a kan gado, ta ɗauki wayarta. Har sau biyu tana kuskure lambar da ta haddace tun kafin aure. Rantsuwar da ta yi, girman kan da ta riƙe kwana ashirin da shida, duk ta watsar. Ta kai wayar kunne.

A kashe.

Ta sake kira.

A kashe.

"Zan je Zarƙa yanzu. Zan zauna a bakin ƙofa har ya dawo daga aiki. Zan faɗa masa komai, zai yarda, ya san ba na masa ƙarya."

"Babu gidan."

"Me?"

"Ya mayar wa mai gida makullinsa. Kayanki suna wurin yayarsa Maisun. Ita ta zo nan ranar Lahadi, kina wanka."

Suhair ta rarrafa zuwa durowar kayan kwalliya, ta ɗaga takardar da aka shimfiɗa a ƙasanta, ta zaro wata farar ambulan. Daga durƙushen ta miƙo ta.

"Aikin nan na Dammam, can ƙasar waje, da ya ƙi karɓa bara saboda ke, ya karɓa. Shekara biyu. Ya tafi ranar Asabar."

Rahaf ta karɓi ambulan ɗin. Ta ga hatimin kotu. Ta ga sunanta, da sunan mahaifinta, an rubuta su tsaf da inji. Ta karanta layi ɗaya, ta tsaya.

Ba ta yi ihu ba. Ba ta faɗi ba. Ta ninke takardar gida huɗu, ta sa a ƙirjinta.

"Kwana huɗu tana cikin ɗakin nan," ta ce. "Ina kwana kusa da ita. Jiya kika gyara min gira, kika ce in yi kyau ko zai zo."

"Na rasa ta inda zan fara..."

"Kika bar ni ina zama a taga."

"Ki mare ni, Roro. Ki zage ni. Don Allah ki yi min wani abu."

Rahaf ta rufe akwatin, ta ja zif ɗin har ƙarshe. Ta ɗauki mayafinta.

"Hajja ta fi ki tausayina. Ita a fuskata ta yi."

"Ina za ki?"

"Matsa min."

"Ba ki da kowa a garin nan! Ina za ki kwana?"

"Ban sani ba. Matsa."

*

Ta jawo akwatin ta tsakar gida, tayarsa ɗaya na ƙara a kan dutse. Suhair na biye da ita tana kuka tana riƙe mariƙin, Rahaf na fizgewa. Rana ta take tsaka. Daga masallacin ƙasan tudu an fara kiran azahar.

Ta kai hannu za ta buɗe ƙofar waje, sai ƙofar ta buɗe da kanta.

Mu'ayyad ne. Yana haki, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, alamar da gudu ya hawo matakalun daga shagonsa na kasuwa. Ya dubi akwatin. Ya dubi matarsa. Kamar kullum, bai dubi fuskar Rahaf ba.

"Ashe gaskiya ne," ya ce. "Ina cikin awon yadi mijin Ummu Laith ya tsaya a bakin shago, a gaban mutane, yana tambayata wai yaushe gidanmu ya fara cika wa baƙi finjali."

"Ba komai, ɗan uwa," Rahaf ta ce. "Lokacin tafiyata ne ya yi. Allah ya saka maka da alheri, ka yi min abin da ɗan uwa na jini bai yi ba."

"Mayar da akwatin nan, 'yar uwa."

"Ka yi haƙuri."

"Na ce ki mayar. Umma!" Ya ɗaga murya sama. "Umma, a gidan Baba? A gidan da ko mahaukaci ya shigo sai ya ci ya ƙoshi? Da wane ido zan koma kasuwa?"

Hajja Nofa ta fito saman matakala, hannu a ƙugu.

"Da idon da kake kwana a kujera da shi! Don kai na yi, sakarai!"

"Ban sa ki ba!"

Rahaf ta ɗaga akwatin, ta raɓa ta gefensa. Ƙofar a buɗe take. Taki ɗaya ya rage tsakaninta da titi.

"Mu'ayyad, ƙyale ta," Suhair ta ce da sauri, don ta ga jijiyar wuyansa ta tashi, ta kuma san abin da mazan gidan nan ke yi in an kai su bango a kan baƙo. "Don Allah kar ka ce komai, akwai abin da ba ka sani..."

Bai ji ta ba. Ya buga tafin hannunsa a ƙirji.

"Na rantse da aurena! In matar nan ta tsallake ƙofar nan kafin mijinta ya zo da ƙafarsa ya ɗauke ta cikin mutunci, Suhair ta saku! Saki uku!"

"Innalillahi!" Hajja Nofa ta dafe bango. "Ka rantse? Ka rantse, ɗan nan?"

Mu'ayyad ya tsaya yana huci, kansa a sama, shi a ganinsa ya wanke sunan gidan ubansa. Bai san mijin da yake jira yana wata ƙasa ba. Bai san takardar sakin da ke ninke a ƙirjin baƙuwarsa ba.

Mutum biyu ne kawai suka sani.

Suhair ta zube a kan gwiwoyinta, ta ɗago jajayen idanunta.

"Roro..."

Rahaf ta dube ta. Ta daɗe tana dubanta.

Sannan ta ɗaga ƙafarta ta dama.